Joda Bai Taɓa Cewa Motar Ta Lalace Ba

Katangarmu ɗaya da Joda a unguwar Hammadu Kafi shekara goma sha tara. Ni Babarbare ne, wankin hula nake yi a zauren gidana, shi kuwa Bafillatani, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne. Kakanni suka bar mana wannan wasa tsakanin Barebari da Fulani, kuma ni ban yi makaranta mai nisa ba balle in rufa masa asiri da manyan kalmomi.

A wata ruga can bayan Dukku aka haife shi. Ya bi shanu har gemu ya fito masa, sannan gonaki suka cinye burtali, kiwo ya zama rigima, ya tattaro matarsa Mairamu suka shigo Gombe. Ya fara da riƙe igiya a tike, wato kasuwar shanu, yau ga shi dillali ne da ake sallama wa. In saniya ta taho daga nesa, Joda zai gaya maka shekarunta, da haihuwa nawa ta yi, da ko an ɗura mata ruwan gishiri don cikinta ya cika ido. Ba a taɓa cutarsa a kan abu mai ƙafa huɗu ba. Matsalar ta zo ne da abu mai taya huɗu.

Amma sai kun san halinsa tukuna. Joda fulako ya yi masa yawa. Ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa abu ya yi masa zafi, ba ya cewa wani ya yi masa ba daidai ba. Kunama ta taɓa harbinsa a masallacin unguwa a raka'ar farko, sai da aka yi sallama aka shafa addu'a sannan ya ce wa na kusa da shi, "Malam, ka ɗan kula, akwai wata baƙuwa a ƙarƙashin tabarma." Wani mai babur ya taka masa ƙafa a Bolari, shi ya fara ba mai babur haƙuri. In ka same shi kwance da zazzaɓi, haƙoransa na haɗuwa, ka ce yaya jiki, zai ce ai kishingiɗa ya yi.

Bara gwiwa ta fara ba shi labari. Zuwa ruga duba tsohuwarsa a bayan babur ya gagara, ga buhunan dusa da kanwa da yake kai wa 'yan uwa. Sai ya sayar da abin da ya rage na garken da mahaifinsa ya bar masa, ya nufi wani wurin sayar da motoci a bakin titi wajen Bolari. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba don tsoro ba. Mai wurin dai Alhaji Salahuddeen, mutum mai ƙamshin turare da murmushin da ba ya gajiya.

Na raka shi ranar, don ba a barin Bafillatani ya shiga kasuwar ƙarfe shi kaɗai. Aka nuna masa wata farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, kusan sabuwa, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Aka ce wani ma'aikaci ne ya hau ta wata huɗu kacal aka yi masa canjin wurin aiki. Joda ya zagaya ta sau uku yana riƙe da hannuwa a baya. Ya durƙusa ya duba tayoyi kamar mai duba kofato. Ya sa aka buɗe bonet ya leƙa, kamar yadda yake buɗe bakin bijimi, duk da na san bai gane komai a ciki ba sai batir. Ya ce a tafi da ita ya ga takunta. Aka ja ta zuwa bakin ƙofa aka dawo. Ya daki ƙugunta da tafin hannu.

"Alhaji, tana da aibi?"

"Baffa, wannan ai amarya ce," in ji Alhaji Salahuddeen. "Ko tari ba ta yi."

Suka yi musabaha, ciniki ya faɗa. Aka ba shi wata takarda da Turanci, ya ninke ta huɗu ya tura cikin hula. A wurin Joda magana ta ƙare tun a musabaha, takarda kwalliya ce.

Unguwa ta yi ta zuwa barka. Liman ya yi addu'a ya tofa wa sitiyari. Mairamu ta raba fura. Na ce masa, "Ɗan Fulani, ka tambaye su abin da take ci? Kada ka zuba mata dusa."

"Kolejo," ya ce, haka suke kiran Babarbare, "ranar da ka sayi ko baro ne, ka zo in koya maka tuƙi."

Kwana tara amarya ta yi tana lafiya. Rana ta goma, a hanyar Dukku, ta fara ruri kamar bijimin da aka raba da garke, ga ƙara har sama amma tafiyar ta hawainiya. Wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban direba. Daga nan sai ta ɗauki ɗabi'a. In ta ga shataletale sai ta tsaya a tsakiya. In rana ta take sai ta ƙi shiga giya. Wata Juma'a ta mutu daidai inda masu keke napep suka fi yawa a Bolari, suka yi ta zuba masa oda da baƙar magana, shi kuwa yana zaune ya miƙe wuya yana jan carbi. Da na iso na tambaye shi abin da ya faru, ya ce, "Hutawa take yi."

To a tike akwai wata ƙa'ida da dattawa suka gada. In ka sayi dabba ka kai gida ka ga tana da ciwon da aka ɓoye maka, ba ka zuwa ka yi ta ɗaga murya. Sai ka jawo ta da sassafe ka ɗaure a turken wanda ya sayar maka, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tafi abinka. Shi ya san abin da ya sayar. Kunya za ta sa ya canza maka wata, ba wanda ya ji, ba wanda aka kira maƙaryaci. Da wannan ƙa'ida Joda ya yi shekara talatin yana cin abinci, kuma bai ga dalilin da zai sa mota ta fi saniya ba.

Ya lallaɓa ta har wurin Alhaji Salahuddeen, ya ajiye ta a daidai inda ya same ta. Ya shiga ofis.

"Alhaji, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa? Ya zafin nan?"

"Lafiya lau, Baffa. Ya amarya?"

"Sai godiya."

Ya ajiye makulli a kan tebur, ya yi sallama, ya hau keke ya dawo gida yana jiran kunya ta yi aikinta. Bayan kwana uku aka bugo waya ya zo ya ɗauka. An wanke ta fes, an shafa wa tayoyi mai suna ƙyalli. Fitilar nan mai ruwan lemo tana nan, ita ma an goge ta.

Karo na biyu aka rataya mata turare mai siffar ganye a madubi, aka ce an duba komai. Ta mutu kafin ya kai gidan mai. Karo na uku ta yi mako biyu a can. A cikin makon na kai wa wani malamin makaranta hulunansa a Herwagana, sai ga motar Joda a ƙofar wani gidan biki, an lafta mata rumfuna da kujerun roba har sun fi ta tsawo. Tana tafe a hankali, kuma da yake kayan biki ne, tafiyar ta dace. Na dawo da gudu na gaya masa. Ya ce, "Ashe tana moruwa."

Ana cikin haka ya aiko da hularsa wanki. Ina warware ta takardar nan ta faɗo, ta sha gumi har ta yi laushi. Ni da Turanci sai gaisuwa, don haka na kai wa Jerome, bakaniken da ke gyara injin nikan unguwa da motocin rabin Bolari. Jerome ya riga ya ji kukan motar sau biyu tana wucewa ta gaban garejinsa. Ya karanta yana girgiza kai.

"Baba, wannan garanti ne na wata uku. Abin da ke damun motar kuwa giya ce, ta tafi gaba ɗaya, tun kafin ya saya aka lallaɓa ta. In sun karɓi laifin, su za su canza. Amma takardar ta ce sai mai mota ya kai ƙorafi an rubuta a littafinsu kafin wa'adi ya cika."

"Kai ba za ka iya gyarawa ba?"

"In na kwance ƙusa ɗaya, takardar ta mutu. Kuma giyar irin wannan mota, ko ni ba na son in faɗa masa abin da za ta ci. Saura kwana shida."

Na wuce wurin motocin kai tsaye. Alhaji ba ya nan, ko kuma yana nan amma ba ya nan, sai sakatariyarsa Millicent, mace mai kirki da gilashi. Na ce na zo ne a kan motar Joda da aka kawo har sau uku ba a gyara ba. Ta jawo littafi ta buɗe, ta bi da yatsa.

"Baba, ga shi nan. Ran sha biyu ga wata, Malam Joda, ya zo gaisuwa. Ran ashirin da shida, ya zo gaisuwa. Ran tara, ya zo gaisuwa, ya bar mota. Ni na tambaye shi da bakina ko akwai matsala, ya ce sai alheri."

"To ni na kawo ƙorafin. Rubuta."

"Kai ne mai motar?"

"Maƙwabcinsa ne. Kuma ubangidansa, in ana bin tarihi."

Ta yi dariya ta rufe littafin. Ta rage murya ta ce, "Ka turo shi ya faɗa, ko kalma ɗaya ce. Ni zan rubuta."

Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida yana goge motar da tsumma. Na zayyana masa komai, na ce gobe ya je ya buɗe baki ya ce giya ta lalace. Kalma uku ce, ko akuya za ta iya.

"Wanda ya sayar ya san abin da ya sayar," ya ce.

"Ya sani mana. Shi ya sa yake yi maka murmushi."

"Na tambaye shi aibi, ya ce babu, muka haɗa hannu. In na koma na ce akwai, na kira shi maƙaryaci ke nan a gaban ma'aikatansa. Mutum mai iyali."

"To shi ya kira ka me, da ya ɗora wa motarka kujerun biki?"

Sai muryar Mairamu ta fito daga bayan ƙyaure. Ba ta cika sa baki a zancen maza ba, kuma ba ta kama sunansa. "Malam, garken da mahaifinka ya bari ne fa tsaye a nan da taya huɗu. In ya tafi, ba wani a baya."

Joda ya daina gugar. Ya ninke tsumman hannunsa. Sannan ya ce, "Na ji," ya shige gida. Na ce a raina shi ke nan, gobe za a yi abin da ba a taɓa yi ba, Bafillatani zai kai ƙara.

Ashe ban gama sanin ƙa'idar tike ba. Tana da kashi na biyu, na wanda aka ɗaure wa dabba a turke ya yi kamar bai gani ba.

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana uku, keke huɗu suka tsaya a ƙofar wurin Alhaji Salahuddeen. Dattawan tike goma sha biyu suka sauko, kowa da malfa da sanda da buta, wasu da tabarma a hammata. Na bi su a keke na biyar, don irin wannan kallo ba a ba ka labari. Joda ya ajiye motar a tsakiyar fili ya buɗe bonet. Suka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogonyaro suka kewaye ta. Suka aika a gaya wa Alhaji sun zo gaisuwa.

Ya fito da murmushinsa. Suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi iyali da kasuwa da zafi, abin ya ci kusan rabin awa. Da aka gama ya tsaya yana jiran magana. Ba magana. Suka koma suka zauna. Ya aiko da lemo mai sanyi, suka ce sun ƙoshi.

Can wani ma'aikacin gwamnati ya shigo da matarsa suna duba wata baƙar mota. Wani tsoho cikin dattawan, Ardo Buba, ya tashi a hankali ya bi su. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, lafiya?" in ji matar.

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya sa alheri."

"Waccan farar fa, me ya same ta?"

"Ba komai. Ta ɗan'uwanmu ce, a nan ya saya. Mun rako shi ne."

Matar ta dubi farar mota da bakinta a buɗe, ta dubi tsofaffi goma sha biyu sun zuba mata ido kamar masu zaman jinya, ta ja hannun rigar mijinta. Ko sallama ba su yi ba. Haka aka yi da mutum na biyu, da na uku. Ba wanda ya ce motar Alhaji ba ta da kyau. Da azahar suka yi sahu a gaban motocin suka yi salla, suka koma tabarma. Biyar na yi suka naɗe, suka shiga ofis suka yi masa sai da safe.

Talata suka dawo su goma sha tara, don labari ya kai tike, kuma ranar ba kasuwa. Alhaji ya kira wani ɗan sanda da ya sani. Ɗan sandan ya zo ya tambayi abin da ake ciki, aka ce gaisuwa. Ya tambaya ko an zagi wani, ko an tare hanya, aka ce a'a. Ardo Buba ya tambaye shi mutanen gida, ashe ya san kakansa a Kwami. Ɗan sanda ya cire hula ya durƙusa ya gaishe su, ya tafi.

Laraba, ranar ƙarshe, murmushin Alhaji ya kai inda zai kai. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya fito ba hula, ya tsaya a kan Joda.

"Baffa, don girman Allah me kake so?"

"Gaisuwa muka zo, Alhaji. Ya iyali?"

"Iyali suna lafiya. Tun shekaranjiya suke lafiya. Motar ce?"

"Motar tana gaishe ka."

"In akwai abin da ke damunta ka faɗa mana."

"Kai da ka rene ta ai ka fi ni saninta."

Alhaji ya dubi ƙofa, inda wani mai babbar riga ya leƙo ya ga taron ya juya. Ya share gumi. Ya ce, da ƙaramar murya, "Giyar ce. Na san giyar ce."

Joda ya ɗago kai da mamaki kamar yau ya fara ji. "Ashe? Allah ya sawwaƙe. To tunda kai ka faɗa."

Dattawa suka amsa da amin. Millicent kuwa tana bakin ƙofa da littafi a buɗe, alƙalami a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta rubuta, ta karanta da ƙarfi kowa ya ji, Alhaji ya sa hannu, Joda ya rubuta sunansa da ajami. Aka naɗe tabarmi. Sai a lokacin Ardo Buba ya ce in lemon nan na nan, yanzu za a iya sha.

Mako bakwai motar ta yi a wurinsu. Aka ce giya na hanya daga Legas, aka ce ta iso Kano, aka ce wadda ta iso ba ita ba ce. Ranar da aka sallamo ta, gaskiya motar ta canza. Ba ruri, ba fitila, ta je Dukku ta dawo da buhunan gero da tsohuwar Joda a gaba tana riƙe da ƙofa. Garken gado ya tsira.

Sai washegari da safe muka gano ba ta yin ribas. Gaba kam kamar kibiya, amma in ya sa giyar baya sai ta yi wani gurnani ta tsaya cik. Jerome ya zo ya saurara, ya ce giyar wata mota ce daban suka daddage suka saka, kuma wa'adin takarda ya wuce tun tuni. Ya ce duk da haka a koma, ko don a ji abin da za su ce.

"A'a," in ji Joda. "Mutumin ya ji kunya sau ɗaya a gaban jama'a. Ya isa."

Yanzu wata biyar ke nan. Joda ya zama gwanin ajiye mota, ba ya tsayawa sai inda zai fita ta gaba, kuma ya san duk lungun da ke ɓullewa a Gombe fiye da masu keke. Layinmu kuwa siriri ne, ba wurin juyawa, titi kuma yana bayan motarsa, taku ashirin daga ƙofar gidansa. Saboda haka kullum da safe sai ya wuce ta gaban zaurena, ya bi bayan masallaci, ya zagaya ta wajen famfo, ya ratsa ta gaban injin nika, sannan ya fito titi daidai inda ya baro. Jiya na tare shi ina riƙe da hula a kan gungume.

"Ɗan Fulani, titin fa yana bayanka."

Ya sauke gilashi. "Na sani, Kolejo. Mutanen bayan masallaci nake gaisarwa."

Ya ɗaga gilashinsa ya yi gaba.